Rasuwar 'Yar Amana, Ma'ajiyar da ta Cinye Sarewar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya samu wurin zama a cikinta, nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da duk masu haɗa kiɗa da kwamfuta rasuwar 'Yar Amana, wato baƙar ma'ajiyar nan mai girman sabulun wanka da nake jona wa kwamfutata da waya. Ta cika ranar Talatar da ta wuce a kan teburin mai gyara, bayan doguwar rashin lafiya da ta ɓoye wa kowa, har da ni da nake yawo da ita a jaka. Masu zuwa gaisuwa su yi mini uzuri idan ba su ji na yi mata addu'a ba. Na gwada, bakina ya ƙi.

Ga waɗanda ba su san gidan makokin ba, ni mai haɗa kiɗan talla ne a wani ƙaramin situdiyo da ke saman shagon fenti. Idan waƙar sabulu ko ta maganin sauro ta taɓa liƙe maka a kai har ka tsani rediyo, mai yiwuwa yatsuna ne, ina neman afuwa. Fiyanon da nake aiki da shi cike yake da muryoyin kayan kiɗa, sarewa ma akwai kala-kala, amma duk sumul suke kamar ba da baki aka busa su ba. Ta Babanmu ba haka take ba. Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma sarewarsa shi ya yi ta da hannunsa daga bututun tsohuwar eriyar talabijin, ya huda ramukan da ƙusa da guduma. Rami na uku ya ɗan karkace, shi ya sa take da wata 'yar dishewa da babu irinta a ko'ina. Burina kenan tun da daɗewa: in koyi rubuta manhaja da kaina, in zuba muryar sarewar nan a ciki, yadda duk wanda ya danna fiyano zai ji Baba ne ke busa, har da jan numfashinsa.

Lokacin da ƙirjin Baba yake da sauran ƙarfi, na yi ta zuwa gida ranakun Asabar da makirfo. In jingina katifa a taga, in kashe fanka, in roƙi maƙwabta su riƙe yaransu. Kowane rami sai ya busa shi dogo, ya busa gajere, ya busa a hankali, ya busa da ƙarfi. Yana yi yana mita, wai wannan ba busa ba ce, auna shi nake yi kamar tela. A Asabar ta ƙarshe, bayan na ce mun gama, ya ce kada in kashe tukuna. Ya gyara zama ya busa wata waƙa tun daga farko har ƙarshe, wadda yake busa wa mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, duk lokacin da ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar tana fushi. Yayata da ke tsaye a bakin ƙofa ta juya ta fita da gefen mayafi a fuska. Na naɗi komai, na saurara a hanya, na sake saurara a situdiyo. Komai ya fito tsaf.

Ana cikin haka marigayiya ta shigo rayuwata. Kwamfutata tsohuwa ce mai ƙaramin ciki, kullum cikin kukan ta cika take. Wani mai tebur a ƙarƙashin benen kasuwar wayoyi ya ɗora mini ita a tafin hannu, ya ce in ji nauyinta, kayan kirki da nauyi ake gane su. Ya rantse cikinta zai ɗauke kwamfuta irin tawa guda nawa ban sani ba. Na jona ta a gabansa, kwamfuta ta nuna fili fetal, iyakar ganinka. Ina roƙon masu ta'aziyya kada wanda ya tambaye ni nawa na saye ta. Matata ta riga ta yi wannan tambayar, kuma ta wadatar.

A ranar na kwashe busar Baba gaba ɗaya na mayar cikinta, na buɗe ɗaya bayan ɗaya na ji suna nan lafiya, sannan na goge na cikin kwamfuta don ta samu numfashi. A ranar kuma na raɗa mata suna.

Ba za a ƙi faɗin halayenta na gari ba, ko da yake yanzu kowanne idan na tuna shi sai ya soke ni. Marigayiya ba ta da hayaniya. Ma'ajiyoyin abokan aikina suna gurnani suna ɗaukar zafi, ita kuwa shiru, sanyi ƙalau, har ina yi musu gori da ita. Ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba. Duk abin da na miƙa mata karɓa take, babu musu, babu ɓata rai. Maganarta biyu ce tak a duniya: “tulun” idan na jona ta, da “tilin” idan ta gama karɓar kaya. Wannan “tilin” ɗin ya sha sa ni barci da murmushi. Tana da 'yar fitila shuɗiya da take ƙifta mini, ni kuma ina ɗauka gaisuwa ce.

Wanda bai taɓa neman inda zai koyi rubuta manhajar kiɗa ba, ba zai san irin wahalar da muka sha tare ba. Babu makarantar da ake koyar da wannan a inda nake, babu wanda zan je in durƙusa a gabansa. Na shiga zaurukan intanet na masu wannan sana'a na gaishe su da ladabi, na ce ni sabon shiga ne, daga ina zan fara? Wani ya ce in fara da lissafi. Wani ya ce lissafi ɓata lokaci ne, in fara da yaren kwamfuta kaza. Na uku ya zagi na biyu. Suka yi mako guda suna faɗa a ƙarƙashin tambayata, babu wanda ya sake waiwayata. Daga baya wani bawan Allah ya turo mini littafi mai kauri a kan yadda sauti yake tafiya, wanda shafinsa na farko kaɗai ya sa na je na wanke fuska. Na ajiye shi a cikin 'Yar Amana, ta ce “tilin”.

Daga nan na koma bidiyo. Akwai malamin da sai ya yi rabin awa yana ba da labarin magensa kafin ya taɓa darasi, amma idan ya taɓa, ya iya. Akwai wanda yake koyarwa da wani harshe da har yau ban san na ina ba ne, ina bin yatsansa a allo kamar mai bin sawun ɓarawo. Akwai wata malama da ta ɗauko abin daga tushe, dalla-dalla, har na fara yi mata addu'a, sai a daidai inda aikin ya fara wuya ta ce za ta dawo mako mai zuwa. Bidiyon ya yi shekara da shekaru a wurin, ba ta dawo ba. Tun daga kanta na koyi cewa abin da ke intanet yau ba lallai ya kwana ba, don haka duk abin da na gani sai in sauke shi nan take.

Saukewar ma aiki ce. Data ba ta isa, sai na koma cin arzikin intanet ɗin asibitin da Yaya take aikin jinya. Lokacin hutun rana in zauna a bencin masu jiran magani, kwamfuta a cinya, marigayiya na lilo a gefen gwiwata, har mai gadi ya fara tambayata ya jiki. Darussa, littattafai, misalan da wasu suka rubuta, muhawarar da ban gane rabinta ba, duk na tura mata. Matata ta ɗinka mata jaka da guntun yadi, tana ɗinki tana cewa, “Kai dai tarawa kake yi kamar mai shirin buɗe kanti. Yaushe za ka zauna ka karanta?” Na ce ai suna wurin amana, ba inda za su. Sababbin da nake buɗewa kullum suna buɗuwa, tsofaffin kuwa ina ganin sunayensu jere reras, hankalina kwance.

A tsakanin nan ƙirjin Baba ya ƙi. Numfashi ya zama abin da yake lallaɓawa, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ya huta a hanya. Sarewa ta koma jikin ƙusa a bango. Ya gwada ta sau ɗaya, tari ya sarƙe shi har Yaya ta yi masa faɗa, bai sake ba. Amma duk ranar da na shiga gaishe shi, kafin in gama durƙusawa zai ce, “Ina sarewata ta cikin kwamfuta? Ka gama?” In ce saura kaɗan, Baba. Ya ce shi ma lokacin da yake tuƙi haka yake ce wa fasinja.

Kuma wallahi saura kaɗan ɗin ya zo. Na fara da wata manhaja da idan na danna fiyano sai ta yi “fiiii” kamar sauro a kunne, na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Na koyi sa sauti ya tashi a hankali ya sauka a hankali. Na koyi ɗaure kowane maɓalli da muryarsa, na koyi sa shi ya bambanta dannawar lallashi da ta ƙarfi. Na gwada da muryata, ina cewa “aaa” a makirfo, ya yi aiki. Gida ya ginu, saura mai gida ya shiga. Ranar Litinin da hantsi na share tebur, na jona marigayiya, ta ce “tulun” kamar kullum. Na buɗe wurin da na rubuta Sarewar Baba. Ga su nan duka: rami na ɗaya dogo, rami na ɗaya gajere, har zuwa ta ƙarshe da na sa wa suna Waƙar Inna.

Na danna ta farko, kwamfuta ta ce ba ta san wannan abu ba. Na danna ta biyu, haka. Ta uku ta buɗe, sai “shhhhh” kamar rediyon da ya ɓace tasha. Na tsallake na tafi Waƙar Inna kai tsaye. Ita ko “shhh” ɗin ba ta yi ba. Fitilar nan shuɗiya kuwa tana ta ƙifta mini ko a jikinta.

Washegari na kai ta wurin Injiniya, mai gyaran da ke lungun bayan situdiyonmu, mutumin da ba ya son yawan magana. Ya jona ta, ya duba, ya cire. Ya kara ta a kunne ya girgiza.

“Maigida, ka taɓa jin tana gurnani?”

“Ko sau ɗaya. Ai ita ba ta da hayaniya.”

“To, bari mu ga abin da ya hana ta.”

Ya sa bakin sukundireba ya ɓalle murfin. Ina tsaye a kansa, don haka ba labari aka ba ni ba. A cikin 'Yar Amana babu komai sai wani ɗan filas, irin ƙaramar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wanda bai kai ɗan yatsana ba, an liƙe shi da gam a kusurwa, da manyan noti guda biyu, su ma a liƙe. Nauyin da mai tebur ya ce in ji kenan.

“Wannan ɗan abin shi ne duk cikinta,” in ji Injiniya. “An koya masa ƙarya ne, ya riƙa ce wa kwamfuta shi babba ne. Idan ya cika ba zai faɗa ba. Sai ya koma farko, ya ɗora sabon kaya a kan tsoho, ya bar maka suna kana gani.”

“To tsohon ina yake tafiya?”

“Babu inda yake tafiya. Takawa ake yi.”

“Me ya taka sarewar?”

Ya dube ni, ya ɗan sassauta murya. “Duk abin da ka zuba bayanta.”

Na nemi wuri na zauna a kan wani tsohon talabijin. Wato darussan da na yi ta tarawa don in gina wa sarewar Baba gida, su ne suka bi ta kanta. Littafin nan mai kauri, malamin mage, malamar da ba ta dawo ba, kowane “tilin” da na ji a bencin asibiti ina murna, wani yanki ne na numfashin Baba ake murƙushewa. Ta san ta cika. Kalma ɗaya ce za ta faɗa, in je in nemi wata. Kwamfutata da nake raina wa ƙaramin ciki, ita kullum gaskiya take faɗa mini, ina jin haushinta. Wannan kuwa an ɗinka mata jaka, na yi mata suna, ruwan sama ya taɓa dukana na sa ta cikin riga don kada ta jiƙe. An ci amanata, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ladabi aka ci. Injiniya ya ƙara da cewa “tulun” da “tilin” ɗin ma ba nata ba ne, kwamfuta ce ke yi. Ko muryar da nake kewa aro ce.

Na koma ƙarƙashin bene neman mai tebur. Wata mata na tarar a wurin tana sayar da turare. Ta ce ita ma labarinsa take ji daga masu zuwa da irin fuskata.

Marigayiya ta rasu ta bar wayar jona ta, wadda bincike ya nuna ita kaɗai ce mai gaskiya a gidan, tana nan tana aiki. Ta bar jakar yadi, wadda matata ta karɓe ta mayar da ita jakar allura da zare. Ta bar fiyano da manhaja da suke zaune suna jiran baƙon da ba zai zo ba. Ta bar sunaye marayu birjik, kowanne da ranarsa da girmansa, babu kowa a bayansa. Cikin dukiyar da aka iya cetowa akwai darussan da na sauke a baya-bayan nan, galibinsu na malamin mage. Magen tana nan garau, ana jin kukanta tsaf.

Jiya da la'asar na je na faɗa wa Baba, don Yaya ta ce idan ban faɗa ba ita za ta faɗa. Na durƙusa a gaban gadonsa, wannan karon na riga shi magana. Ya saurara har na gama.

“To ita akwatin, ba ta ce maka ta ƙoshi ba?”

“Ba ta ce ba, Baba.”

“Mota ma idan ka yi mata lodin da ya fi ƙarfinta tana kuka.” Ya yi tari, ya huta. “Har da ta uwarku?”

“Har da ita.”

Ya juya fuskarsa bango. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na daɗe a durƙushe, Yaya tana tsaye da kofin magani ta rasa wanda za ta kalla. Har na miƙe zan fita sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, a sauko masa da sarewar. Yaya ta fara cewa likita ya hana, ya ɗaga mata hannu. Ya tashi zaune, ya goge ta da gefen riga, ya jera yatsunsa a kan ramukan. Suka yi ta tafiya a kai, suna buɗewa suna rufewa, babu sauti sai ɗan taf-taf na fata a kan ƙarfe. Na gane waƙar da ido.

“Yatsun suna nan,” ya ce. “Iskar ce babu. Kai kuwa tun kana yaro surutunka ya ishi mutane, iska ba ta yi maka kaɗan ba. Zo zauna nan.”

Na zauna a gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Ya kara mini bakin sarewar a leɓe, shi yana riƙe da ramukan. Na busa. Abin da ya fito ya fi kama da buta ta tafasa. Ya ce ba wuta ya ce in hura ba. Na sake. Can a wajen rami na uku, na ɗan lokaci kaɗan, dishewar nan ta leƙo ta koma. Yaya ta ajiye kofin ta fita. Ba mu yi nisa ba hannunsa ya gaji, ya ce a bari sai Asabar.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Gangar jikin marigayiya za a sa ta a kwalin da ke ƙarƙashin teburin Injiniya, inda 'yan uwanta suka riga ta, babu rakiya. Ɗan filas ɗin zan rataye shi a ƙofar situdiyo don masu shiga su gani. Noti biyun na kai wa Baba, ya juya su a hannu ya ce waɗannan na kirki ne, a ɗaure ƙafar gadonsa da ke girgiɗi da ɗaya, a ajiye ɗaya.

Ba za a yi zaman makoki a situdiyo ba. Za a taru ranar Asabar a ɗakin Baba. Duk mai zuwa ya zo da wayarsa, ya tabbatar akwai wuri a cikinta, kowa zai naɗa da kansa, kuma babu wanda zai fita sai ya kunna na ji da kunnena. Za a jingina katifa a taga, za a kashe fanka, mai tari ya yi abinsa tun daga waje. Kada a yi dariyar mai busa, koyo yake. Baba ya ce a zo da wuri, da an karya kumallo, don yatsunsa sukan fara rawa kafin azahar.